Asibitin unguwa ko na Turai 'Yar'aduwa: ina za ki yi awo?

A Katsina, ƙaramin asibitin unguwa kusa yake, ungozomar ta san ki, kuma idan naƙuda ta taso cikin dare ba a sha wahalar zuwa ba. Sai dai galibi babu tiyata, babu ƙarin jini. Babban asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa kuwa jama'a sun fi yawa, sai kin yi sammako, amma akwai likitoci.

Mai hawan jini, mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa aiki, don Allah su tafi babba tun awon farko, domin jijjiga da zubar jini ba sa jira. Wadda ta saba haihuwa lafiya, na unguwa ya ishe ta, muddin maigida ya tanadi abin hawa.