Ɗigo ɗaya a idon kaza: abin da na gani a rigakafin I-2 cikin hunturu uku

Shekara uku ke nan ina amfani da rigakafin cutar Newcastle da ake kira I-2 a kan kajin gida da zabin da nake kiwo a bayan gidana, kuma tambayoyin da maƙwabta suke yi mini game da wannan 'yar kwalba sun fi ƙarfin amsar da ake bayarwa a tsaye a ƙofar masallaci, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na gani. Ni ba likitan dabbobi ba ne. Mai kiwo ne da ya gaji da kwashe gawar kaji a kowane hunturu, ya shiga neman mafita, ya kuma yi ɗan karatu a kan abin da yake ɗiga wa dabbobinsa.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a ƙasar Hausa ya san wannan annoba ko da bai san sunanta na asibiti ba. Da zarar iskar hunturu ta kankama, sai ka ga kaza ta yi laushi, ta saki fukafukai, tana koren zawo tana numfashi da ƙyar, wadda ta daɗe ba ta mutu ba kuma wuyanta ya murɗe ta riƙa juyawa wuri ɗaya. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, cutar tana iya share akurki kaf cikin 'yan kwanaki. A shekarar 1926 aka fara gane ta, a tsibirin Java na Indunusiya da kuma yankin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta. Ƙwayar bairus ce take haddasa ta, saboda haka kafson nan ja da rawaya da muke farkewa mu zuba a ruwa, da barkono, da ɓawon maɗaci, babu wanda yake kashe ta a cikinsu. Na yi shekaru ina yin su duka, kuma kajin da suka rayu a lokacin sun rayu ne don kwanansu na gaba.

Rigakafin wannan cuta ba sabon abu ba ne. Masu manyan gonakin kaji sun daɗe suna amfani da LaSota da Komarov da makamantansu, amma waɗannan an tsara su ne don gonar da take da firji da janareta da kaji dubbai a ɗaki ɗaya, kuma kwalbar da ake shigowa da ita daga waje sau da yawa ta kaji dubu ce. Matar da take da kaji goma sha biyu a ƙauyen da babu lantarki ba ta da abin da za ta yi da irin wannan kwalba. Wannan giɓi ne masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Spradbrow, suka nufi cikewa, da tallafin cibiyar ƙasarsu mai ɗaukar nauyin binciken noma a ƙasashen waje. Sun zaɓo wani jinsin ƙwayar da ba ya sa kaza ciwo amma yana tayar da garkuwar jikinta, suka tace wanda ya fi jure zafi, sannan suka yi abin da a wurina ya fi binciken kansa daraja, wato suka riƙa bai wa ɗakunan gwajin ƙasashe masu tasowa irin ƙwayar kyauta domin kowace ƙasa ta sarrafa nata. A cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako ake renon ƙwayar, a kwashi ruwan, a busar da shi. A Najeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin sa.

Abin da yake cikin kwalbar bai taka kara ya karya ba a ido: ɗan dunƙulen gari ne busasshe a gindin kwalbar da ba ta kai tsawon babban yatsa ba. Ana narka shi da ruwa mai tsabta, ni kuwa nakan tafasa ruwan rijiya in bar shi ya huce sarai, domin sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe ƙwayar, kuma rigakafin da ƙwayarsa ta mutu ruwa ne kawai. Tun da dare nake kulle kajin, in tashi bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, in zauna a inuwar darbejiya, ɗana yana miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya. Ana karkata kan kazar, a buɗe idon da yatsa, a saki ɗigo ɗaya, sannan a dakata har ɗigon ya ɓace a ga ta haɗiya kafin a sake ta. Wannan dakatawa ta 'yan daƙiƙu ita ce aikin, domin daga idon ne ruwan yake gangarawa hanci da maƙogwaro, inda cutar kanta take shiga. Babu allura, babu auna nauyi, ɗigon ɗan tsako shi ne ɗigon tsohon zakara, kuma ana cin ƙwai da naman ba tare da jiran komai ba. Wahalar da na sha ba ta rigakafin ba ce, ta zabi ce, waɗanda suke kwana a kan bishiya kuma ba su yarda da kowa ba. Sai da na yi mako guda ina zuba musu dawa a cikin akurki kafin na samu na rufe su.

A hunturun farko annobar ta shigo unguwarmu, ta yi ɓarna a gidajen da suke jikin katangata. A cikin kajina na rasa biyu, kuma duka biyun na sayo su ne a kasuwa bayan na gama ɗiga wa sauran, ban killace su ba, ban yi musu rigakafi ba. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar kimiyya ba, domin garke ɗaya a gida ɗaya ba ya tabbatar da komai, amma da abin ya maimaita kansa a hunturu na biyu da na uku, sai na daina ɗaukarsa a matsayin sa'a. Kuɗin kwalbar da ta ishe ni da maƙwabta biyu bai kai kuɗin sagara ɗaya ba.

Sai dai akwai kalma ɗaya da ta cuci mutane da yawa, wato cewa rigakafin yana jure zafi. Jure zafi ba ya nufin ba ya lalacewa. Ma'anarsa ita ce, idan an fitar da shi daga firji zai iya kai wa ƙauye a cikin kwando, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ba tare da ya mutu a hanya ba, kuma zai iya yin 'yan kwanaki a wuri mai sanyi kamar gindin randa. Ajiya mai tsawo kuwa sai firji, kuma da zarar an narka shi ƙarfinsa ya fara raguwa, shi ya sa nake gamawa da shi a ranar. Wata rana na shiga wani shagon magungunan dabbobi a cikin gari, na tarar da kwalaben a jere a kan kanta kusa da taga, rana tana dukansu. Da na yi magana, sai mai shagon ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba ya son firji, shi ya sa ake ce masa mai jure zafi." Na ce, "Alhaji, kwana nawa suka yi a nan?" Ya ce bai riƙe lissafi ba. Ban saya ba, amma na san wani ya saya, ya ɗiga wa kajinsa, suka mutu, kuma har gobe zai riƙa gaya wa mutane cewa rigakafin boko ƙarya ne.

Wasu iyakokin kuma na rigakafin ne kansa. Kariyarsa ba ta wuce 'yan watanni, don haka sai an maimaita bayan kowane wata uku zuwa huɗu, ga kuma 'yan tsakin da ake ƙyanƙyashewa a tsakani. Yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin garkuwar ta kafu, saboda haka wanda ya jira sai kaji sun fara faɗuwa ya makara, kuma ɗiga wa kazar da ta riga ta kamu ɓarnar kuɗi ne da ɓata wa maganin suna. Ba ya kare cutar Gumboro, ba ya kare ƙyasbin kaji, ba ya kuma kare murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, kuma alamunta suna kama da na Newcastle har sai ɗakin gwaji ya raba gardama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan 'yar kwalba take nuna bambanci tsakanin binciken da ya tsaya a takarda da wanda ya isa akurki. Muna da tarihin da ya kamata ya koya mana wannan. Cutar bushiya ce, wadda ta taɓa ƙarar da shanun Fulani, ta sa aka kafa ɗakin gwajin Vom a 1924. Rigakafin da Walter Plowright ya samar a Kenya, da gangamin da aka fara a yankin Tafkin Chadi a 1962, su ne suka share hanyar da ta kai ga sanar da kawar da cutar daga duniya a 2011, ko da yake ta sake ɓarkewa a Najeriya a farkon shekarun 1980 lokacin da aka yi sake da rigakafin. Haka nan rigakafin annobar awaki da tumaki da ake amfani da shi a ƙasashe da dama, wanda ake fatan kawar da cutar da shi zuwa 2030, an samo shi ne daga ƙwayar da aka ɗauka a Najeriya a 1975, har sunan ƙasar yake ɗauke da shi. A duk waɗannan, ɗakin gwaji ya yi nasa, amma cutar ba ta ja da baya ba sai da aka samu masu bin ruga-ruga ɗauke da kular rigakafi a bayan babur ko a kan jaki.

A fannin Newcastle ma masana ba su zauna ba. Likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Ibadan, da na Vom, sun wallafa bincike mai yawa a kan yaɗuwar cutar a kasuwannin kaji da ƙauyuka, kuma an gano cewa jinsunan ƙwayar da suke yawo a Afirka ta Yamma sun bambanta ta fuskar gado da jinsunan da aka yi rigakafi da su. Wannan bai hana rigakafin kare kaza daga mutuwa ba, amma kazar da aka yi wa tana iya ɗaukar ƙwayar ta kuma watsa ta, wanda shi ne dalilin da ya sa ɗiga wa gida ɗaya a unguwa ba ya korar cutar daga unguwar. Ilimi ne mai amfani ƙwarai, sai dai kusan dukansa da Turanci yake, a mujallun da masu kajin ba za su taɓa gani ba. A ra'ayina, da za a auna malamin jami'a da yawan gidajen da bincikensa ya shiga kamar yadda ake auna shi da yawan maƙalunsa, da tuni an cika kasuwanninmu da takardar bayani shafi ɗaya, da boko da ajami, mai nuna yadda ake narka kwalba da yadda ake riƙe kan kaza.

Ga mai kajin gida daga biyar zuwa hamsin, ban ga abin da ya kai I-2 sauƙi da araha ba, da sharaɗin ya saya a inda ya ga an ciro masa daga firji mai aiki, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, ya kuma haɗa kai da maƙwabta su raba kwalba ɗaya a rana ɗaya. Mai gonar kajin ƙwai ko na nama kuwa ya bi jadawalin da likitansa ya tsara masa, domin nasa lissafin dabam ne. A bana na sa zagayenmu a farkon Oktoba, kafin sanyi ya sauka, kuma gidaje bakwai sun ce a sa da su. Har Goggo, wadda a shekarar farko ta ce ba za a zuba wa kajinta abin da ba ta sani ba a ido, ta aiko jikanta ya ce in ji ta, in an zo a fara da gidanta, amma kada a taɓa baƙar kazar da take kwanci sai ta ƙyanƙyashe.