Yabo ko ɗan aiki: wanne ke sa yaro ya yarda zai iya?

A Damagaram na ga teloli iri biyu wajen koyar da ɗinki. Na farko baki ne jarinsa: "Kai yaro, ai kai gwani ne!" Yaro ya washe baki, amma ran da aka miƙa masa shaddar sallah sai hannu ya hau rawa. Yabo ya bi iska.

Na biyu, wani dattijo kusa da kasuwar Dole, ba ya yawan magana. Yau ya ba yaro ƙyalle ya ja layi a keke, gobe aljihu, jibi wuyan riga. In ya karkace a farke, a sake. Kafin wata uku yaron da kansa ke cewa, "Maigida, bar mini wannan."

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na jami'ar Stanford ya bayyana haka a 1977: yarda da cewa za ka iya aiki ta fi kafuwa daga nasarar da ka taɓa samu da hannunka. Ganin tsaranka ya iya yana taimakawa, ƙarfafawar baki kuwa ba ta kai su ba. Ni dai wajen dattijon na kai ƙanena, duk da ɗaure fuskarsa.