Kamfanin da ya gina mana sabon gareji: tauraro 4, ƙofa ce ta cinye ɗayan

Jama'a ni makanike ne a sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa na birni, injinan yankan ciyawa da tarakta da tankar ban ruwa duk ta hannuna suke bi, to aikin sabon garejinmu da sito a kan idona ɗan kwangilar ya yi shi.

Gaskiya inda suka burge ni shi ne daɓe da abin da ke ƙarƙashinsa, wanda manya in sun zo buɗe gini ko kallonsa ba sa yi. Wurin wankin inji sun ɗan karkatar da daɓen, ruwa da kansa yake gangarawa kwata ba sai an bi shi da tsintsiya ba, a bakin kwatar kuma ga kwandon ƙarfe mai tare ciyawa, ka ɗaga ka zazzage ka mayar shikenan. Duk wanda ya taɓa wanke injin yanka ya san jiƙaƙƙiyar ciyawar nan da ke manne a ƙasansa ita ke toshe bututu. Daga nan ruwan sai ya faɗa wani tanki a ƙasa mai raba mai da ruwa, shi mai bai kai ruwa nauyi ba sai ya taso sama ya tsaya, laka ta kwanta, ruwan kaɗai ke wucewa, amma fa sai ana kwashewa, in aka bari ya cika an yi aikin banza. Sannan da aka zuba kankare injiniyansu ya yi ta ba shi ruwa, ya hana a shigar da tarakta sai da ya cika kwana 28, don a nan ne ake auna ƙarfin kankare, oga na ta matsa masa bawan Allahn nan ya ƙi. Har yau ban ga tsaga ba.

Siton ma ba laifi. Maganin feshi ɗakinsa daban da kwaɗo da famfon wanke ido a kusa, taki a kan katako saboda yana jan danshi ya dunƙule kuma yana cin ƙarfe, fetur da dizal can waje.

To amma ƙofa wallahi ta ɓata min rai. Babu wanda ya zo ya auna taraktarmu kafin a yi zane, ƙarfen nan na saman kujera mai kare direba in ta kife, sai an kwantar da shi kafin ta shiga, kuma kun san halin mutane, in an fito da safe ana sauri wa zai tuna ya sake ɗaga shi? A gangare kuma ake yanka wani lokacin. Fankar fitar da hayaki ma guda ɗaya suka sa, alhali muna tayar da inji a ciki, iskar gubar da ke cikin hayakin kuwa ba ta da wari balle ka ankara. Soket na cajin batir sun yi kaɗan, da muka yi magana cikin satin suka zo suka ƙara, fankar ma sun ce suna tafe. Ƙofar ce dai suka ce haka zanen da aka ba su ya nuna, sai ofis ya rubuto musu a takarda kafin su taɓa ta.