FL Studio: abin da na gani bayan na daɗe ina haɗa kiɗa da ita

Wanda ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, karon farko, abin da zai fara cin karo da shi ƙananan akwatuna ne a jere, 16 a kowane layi, kowane layi da gangarsa. Ka danna na 1, na 5, na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ka saita gudun kiɗan a kan bugu 124 a minti, ka kunna. Shi ke nan, ga ƙashin bayan kiɗan rawa da ake kira house ya fito. Ba masu FL Studio ne suka ƙirƙiro wannan tsari ba, na'urar ganga ta Roland TR-808 ta 1980 ma madannai 16 gare ta. Didier Dambrin ne ya rubuta manhajar wa kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003, kuma har gobe ana jin ƙamshin injin ganga a jikinta.

Sauƙin farawar nan shi ake yawan yabo, amma ni ba shi ya riƙe ni ba. Piano roll ne ya riƙe ni. A nan ake zana sautuka da linzamin kwamfuta, tsawonsu da ƙarfin bugun kowanne, ba sai mutum ya iya kaɗa fiyano ba. Kiɗan da kwamfuta ta jera daidai wa daida yakan fito a sandare, ba rai. Sai ka rage ƙarfin bugu na biyu, ka ɗan ja tafi baya kaɗan daga kan layi, ka ɗaga maɓallin swing, nan take kiɗan ya fara rausaya. Akwai kuma damar ganin inuwar sautukan wani kayan kiɗa a bayan wanda kake rubutawa, don haka in kana ɗora bas, wato sautin ƙasa mai kauri, a ƙarƙashin amon fiyano ba lalube za ka yi ba. Ban ga inda wannan aiki ya fi yi mini saurin shiga hannu ba.

Manhajar na zuwa da na'urorin sauti manya irin su Sytrus, da ɗaruruwan sautuka da aka riga aka dafa. Ra'ayina dai, mai koyo ya ɗan jingine su tukuna ya zauna da 3xOsc, wadda ba ta da wani kwarjini a ido. Mafarin sauti uku ne kawai a cikinta. Ka bar guda ɗaya a kan lallausan sautin nan mara kaifi, ka sauke shi ƙasa, ka samu bas mai girgiza ƙirji. Ka ɗauki biyu masu haƙoran zarto, ka ɗan saɓa saitinsu, sai sautin ya yi kauri yana kaɗawa. Ka tace saman, ka tsara yadda zai taso da yadda zai mutu. Wanda ya yi wannan da hannunsa, in ya ji sauti a waƙar wani zai iya cewa ga yadda aka gina shi. Mai zaɓen dafaffe kuwa yakan wuni yana dannawa yana wucewa, ƙarshe kiɗansa ya fito irin na kowa.

Wajen gyaran sauti, Fruity Limiter na yi mini aikin danne bas duk lokacin da babbar ganga ta sauka, don kada su yi karo a ƙasa. Parametric EQ 2 kuma tana nuna maka sautin da launuka, ka ga inda ya taru. Tana da amfani, sai dai a wannan sana'a ji ne ya kori gani. Nakan kawar da kai daga allon in saurara kafin in yanke hukunci.

Inda aikin yake da gaske shi ne fita daga ɗan guntun da ke ta juyawa. Haɗa zagaye mai daɗi na daƙiƙa 15 ba wuya, mayar da shi kiɗa na minti huɗu da ba ya gundura shi ne gwanintar. Playlist ɗin manhajar, inda ake jera yankunan kiɗa daga farko zuwa ƙarshe, a sake yake, kowane yanki ka ajiye shi a layin da ka ga dama, ka zana yadda matatar sauti za ta riƙa buɗewa sannu a hankali har a kai ƙololuwa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in shimfiɗa komai daga farko har ƙarshe, sannan in bi ina cirewa. Yawancin abin da ke sa mai sauraro ya zabura, cire ganga ne na ɗan lokaci kafin a dawo da ita. Wannan sakewar tana son mai tsari: ka sa wa kowane yanki suna da launi tun da wuri, ka tura kowane sauti layinsa a Mixer, inda ake daidaita sautuka.

Ga mai niyyar saye, sabuntawa kyauta ce har abada a kan bugun da ka mallaka, kuma tun 2018 tana aiki a kan Mac kamar yadda take yi a Windows. Ta gwaji tana barin ka taɓa komai har ka fitar da kiɗanka, amma aikin da ka adana ba zai sake buɗuwa ba sai ka biya. In kana da niyyar ɗaukar murya da makirufo, ka tsallake Fruity Edition ka ɗauki Producer Edition, domin ta farkon ba ta naɗar sauti daga waje.