Mutum ɗaya da fiyanonsa a gaban jama'a, ko cikakken kiɗan situdiyo?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambayar da ta cancanci amsa mai ɗan tsawo. Ya ce yana ganin masu sha'awar waƙoƙin Turawa suna kambama wani irin faifai da ake naɗa a wurin wasa, inda mawaƙi ke zama shi kaɗai yana kaɗa fiyano yana waƙa, babu ganga, babu jita, babu 'yan amshi, alhali waɗannan waƙoƙin suna nan a faifan situdiyo an ƙawata su da kayan kiɗa iri-iri, an tace su tas. Me ake nema a wancan ɗin, kuma wanne ya kamata mutum ya fara saurara?

Malam, sai mun fara daidaita kalmar fiyano, domin abin da muke kira da wannan suna a situdiyoyin Kano daban yake da abin da ake nufi a nan. Namu na'ura ce ta lantarki wadda ke ɗauke da sautin ganga da sarewa da goge a cikinta, mutum ya danna maɓalli ɗaya ta riƙa buga kiɗa da kanta har sai an tsayar da ita. Fiyanon da ake magana a kansa babban akwati ne na katako da ƙarfe mai maɓallai 88 da tsirkiyoyi fiye da 200, wanda ake kaɗawa a manyan zauruka nauyinsa yakan kusan kai rabin tan. Kowane maɓalli yana ɗaga wata 'yar guduma lulluɓe da ulu ta bugi tsirkiya, saboda haka idan yatsa ya taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, idan ya doka da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Daga nan ma sunan ya samo asali: Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, kuma sunansa na farko a harshen Italiya yana nufin mai sanyin sauti da ƙarfin sauti. Babu abin da yake yi da kansa. Idan hannu ya tsaya, kiɗa ya tsaya.

A kan wannan batu na tsayawa ne faifan biyu suka rabu. A situdiyon zamani galibi akan fara shimfiɗa bugun da ba ya gaba ba ya baya, makaɗa su bi shi ta abin sauraro na kunne, a naɗi kowane kayan kiɗa a layinsa, sa'an nan mawaƙi ya zo ya ɗora murya a kai. Yana iya rera baiti ɗaya sau goma, injiniya ya tsinci rabin layi daga nan, kalma guda daga can, ya ɗinke su wuri ɗaya yadda kunne ba zai ji ɗinkin ba. Tun daga 1997 kuma, da manhajar Auto-Tune ta fito, ko muryar da ta kauce wa kari ana iya mayar da ita gurbinta. Abin da ake samu gini ne da aka tsara, kuma idan magina sun iya aiki, yana da kyau ƙwarai. Amma a cikinsa murya ce ke bin kiɗa. Shi kuwa mai zama shi kaɗai, ƙirjin da ke ja numfashi da hannun da ke taɓa maɓallai duk na mutum ɗaya ne. Idan yana so ya jinkirta a kan wata kalma, fiyano zai jira shi ba tare da an yi wa kowa ishara ba. Idan numfashinsa ya ƙare kafin ƙarshen layi, sai hannun hagu ya riƙe sauti guda har ya dawo. Waƙar takan miƙe ta takure kamar maganar mutum mai ba da labarin da ya shafe shi, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da masu son irin faifan nan suke bi, ko da ba su faɗe shi da baki ba.

Akwai misalin da aka yi duka biyun a yini guda. Ranar 6 ga Satumba 1997, a jana'izar Gimbiya Diana a cocin Westminster da ke Landan, mawaƙin Ingila Elton John ya zauna shi kaɗai da fiyano ya rera Candle in the Wind da sababbin baitoci. Da aka tashi ya wuce situdiyo, inda George Martin, mai tsara kiɗan da ya yi aiki da ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, ya naɗi waƙar ya ƙara mata gogen Turawa da busa. Ta situdiyon ita aka sayar, kuma tana cikin waƙoƙin da suka fi kasuwa a tarihi. Wanda ya jera su biyu ya saurara zai ji ta situdiyon ta fi santsi da cika, goge yana shigowa daidai inda ake so zuciya ta karye. Ta cocin kuwa abin da ke cikinta shi ne mutum yana ƙoƙarin kai waƙa ƙarshe ba tare da muryarsa ta ci amanarsa ba, a gaban iyalan mamaciya, kuma ya san babu damar a sake. Ba a ƙara komai don a sa mai sauraro baƙin ciki. An dai bar shi da mai baƙin cikin.

Jama'ar da ke zaune a wurin su ma suna shiga cikin faifan, kuma akwai waƙoƙin da ba su cika sai da su. Randy Newman, Ba'amurken da yara da yawa suka san muryarsa daga fim ɗin Toy Story, ya fito daga gidan masu tsara kiɗan fina-finai, kuma faifansa na farko na 1968 cike yake da babbar ƙungiyar makaɗa. A watan Satumba 1970 aka naɗe shi shi kaɗai a wani ƙaramin gidan wasa mai suna Bitter End a New York, faifan ya fito a 1971. Newman mawaƙi ne mai habaici da gatse, yakan ari bakin mutumin banza ya yi magana da shi don ya tona masa asiri. A cikin waƙoƙin faifan akwai Lonely at the Top, inda mai magana ke kukan kaɗaicin da shahara ta jefa shi ciki. A faifan situdiyo na Sail Away da ya fito a 1972 an yi mata kiɗa sosai, kuma wanda bai san mawaƙin ba zai iya ɗauka da gaske yake. A ƙaramin ɗakin nan kuwa, mutumin da a lokacin faifansa ba sa kasuwa ne ke kukan yawan masoya a gaban 'yan tsirarun mutane, dariyarsu kuma ita ce ke fassara waƙar. Gatse idan babu mai kama shi, magana ce kawai.

Da na tsaya a nan da sai a ce sirrin duka tafi ne da dariya, amma akwai faifan da ya rushe wannan zato. A watan Yuni 2020, lokacin da annobar korona ta rufe wuraren taro, Nick Cave ɗan ƙasar Ostireliya ya shiga zauren Alexandra Palace a Landan, wuri mai ɗaukar dubban mutane, ya rera waƙoƙi 22 babu ɗan kallo ko ɗaya. Aka nuna wasan ta intanet a watan Yuli, faifan Idiot Prayer ya fito a Nuwamba. Na saurare shi wani dare da aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, da abin sauraro a kunne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen kowace waƙa: sautin ƙarshe yana ta raguwa a cikin faɗin zauren har ya ɓace, kunne yana jiran tafi bisa sabo, tafi bai zo ba, sai shiru, sai kuma waƙa ta gaba. A ciki akwai The Mercy Seat, labarin fursunan da ke jiran a zartar masa da hukuncin kisa a kujerar lantarki. A asalinta na 1988 tare da ƙungiyarsa ta Bad Seeds, kiɗa ne mai ruri da ke ta hauhawa har kalmomi suna neman nutsewa, mai sauraro ya ji firgicin mutumin a jikinsa. Da aka bar ta da fiyano kaɗai sai ta koma zancen zuci na wanda ya gaji da musu, kowace kalma tana fitowa fili. Kalmomin ba su sauya ba, amma wanda ke faɗarsu kamar wani mutum ne daban, kuma ba zan ce ɗaya ta fi ɗaya ba.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taɓa jera Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kunnensa ya san bambancin. Shata yana tafe ne a kan kalangai da 'yan amshi, suna riƙe masa kari, suna ba shi sararin numfashi da tunanin baiti na gaba, ƙarfin waƙar kuma daga taron yake fitowa. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ba shi da wanda zai jingina da shi. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi zai cike gurbin amshi da yatsunsa, don haka maganarsa a kan karen mota da lebura take shiga kamar hira. Bambancin kawai shi ne fiyano yana iya ba da ƙasa da tsakiya da sama a lokaci guda, hannun hagu ya tsaya a matsayin ganga, na dama ya amsa wa murya.

Sai dai ba zan ɓoye maka aibin irin wannan faifai ba. Sa'a guda ta murya ɗaya da kayan kiɗa ɗaya tana iya gundurar mutum, musamman idan mawaƙin ya jera waƙoƙi masu sanyi a kan kari kusan iri ɗaya. Ko Elton John, a rangadinsa na Tarayyar Sobiyet a watan Mayu 1979, rabin farko na wasa kawai yake yi shi kaɗai, sa'an nan Ray Cooper ya shigo da kayan bugu. Haka abin yake a faifan wasan Mosko da aka fitar bayan shekara 40. Waƙar da dama adonta ne ke ɗauke da ita, idan aka tuɓe adon sai ramarta ta fito. Tari da ƙarar kujera da bugun fedar da ƙafa ke takawa duk suna shiga makirfo. Mai fiyano kuma ba ya saɓa abinsa a kafaɗa kamar mai jita, abin da ya tarar a zaure shi zai kaɗa: a Kolon ta Jamus, ranar 24 ga Janairu 1975, makaɗin fiyano Ba'amurke Keith Jarrett ya tarar da ƙaramin fiyano marar lafiya maimakon wanda ya nema, ya kaɗa shi a haka, ko da yake shi nasa faifan babu waƙa a ciki. Haka nan kada a ɗauka duk faifan wurin wasa yana nan yadda aka yi shi daga farko zuwa ƙarshe, domin sau da yawa darare biyu ko uku ake naɗa a zaɓi waɗanda suka fi kyau. Abin da ya fi duka nauyi a wurinmu shi ne harshe. Idan babu ganga da za ta ɗauki jiki, kalmomi ne ke ɗauke da kaya, kuma wanda Turancinsa bai kai ya kama habaicin Newman ba zai ji mutane suna dariya bai san dalili ba.

Saboda haka shawarata a kan wanda za ka fara da shi ta karkata ga na situdiyo. Ka san waƙar a cikin kayanta tukuna, ka riƙe karinta, ka nemi baitocinta a rubuce ka karanta, domin daɗin na kaɗaicin yana fitowa ne idan kunnenka ya san inda goge ya saba shigowa, ya ji an bar wurin fayau, ko ya ji an ja wata kalma da a da ake wucewa da sauri. Na situdiyo yana jure hayaniyar mota da shago da ƙaramar lasifikar waya. Na fiyano kaɗai ba ya jurewa, domin wuraren da mawaƙi ya sassauta murya su ne ƙarar janareta ke fara cinyewa. Idan ka tashi gwadawa, ɗauki waƙa ɗaya tak, The Mercy Seat ta 1988 sa'an nan ta 2020, ka saurare su a jere da dare bayan gida ya kwanta, kuma kada ka taɓa wayar idan ta biyun ta ƙare, ka bar shirun zauren ya wuce tukuna.