Nikon D3500 a gaban akwatin kifina: abin da na gani cikin wata takwas

Akwai wata kifanya a falona da na daɗe ina so mutane su gan ta yadda nake ganinta. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, irin wadda masu sayar da kifin ado ke kira kribensis. Asalinta ’yar ƙasar nan ce, daga rafukan kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru, kuma idan lokacin ƙwai ya gabato cikinta kan rine ya yi ja mai ratsin shunayya, kamar an tsoma shi a marina. Na yi wata da watanni ina ɗaukarta da waya ina tura wa ’yan’uwa, amma abin da ke isa gare su wani jirwaye ne dishi-dishi, ga inuwar labule da tawa inuwar kwance a kan gilashi. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san kyan da Allah ya yi wa halittar nan bai fito ba.

Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a nan Katsina, ba mai hoto ba ne. Akwatin gilashin nawa yana gidanmu a Ƙofar Ƙaura, tsawonsa santimita 90, yana cin ruwa wajen lita 120. Ban da ita da mijinta akwai ’yan kifayen gufi masu jela kamar mafici, sai tsirrai iri biyu: anubiyas mai kauri da na ɗaure a jikin itace, da balisneriya mai dogon ganye kamar na albasa. Wannan bayani na rubuta shi ne don wanda yake inda nake bara, yana da kifi, yana son hoto, bai san me zai saya ba.

Na fara zuwa wajen maƙwabcina, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana ɗaukar hoton biki da suna. Da ya gama saurarona sai ya ce, “Malam, kada ka zuba kuɗinka duka a jikin kyamara. Ka nemi ta hannu mai lafiya, ka rage na ido. Ido shi ne mai aikin.” Idon da yake nufi shi ne gilashin gaba da ake cirewa a sauya. Na ce, “To Baba, wacce za ka zaɓa mini?” Ya ambaci guda uku.

Ta farko Canon 2000D, ta 2018, tana da Wi-Fi, amma hoto uku kawai take ɗauka a daƙiƙa, kuma ɗigon saitinta, wato wuraren da take kama abu don ya fito tas, tara ne. Ta biyu Sony a6000, ta 2014, ƙarama ce, tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa, da ɗigon saiti 179. Gaskiya a wajen bin kifi mai gudu ta fi sauran, kuma zuciyata ta karkata gare ta. Abin da ya raba ni da ita batir ne: a ƙiyasin kamfanin caji ɗaya ba ya kai hoto 400. Ta uku Nikon D3500, ita ma ta 2018, mai megafiksel 24, hoto biyar a daƙiƙa, ɗigon saiti 11, amma batirinta an ƙiyasta masa hoto 1,550. Duk wanda ya san yadda wuta ke zuwa ta tafi a unguwa ya san me wannan lamba ke nufi. Mai ɗaukar kifi kuma ba hoto goma yake yi ba, sai ka danna ɗari biyu ka sami biyar masu kyau. Na zaɓi Nikon ɗin.

Kamfanin ya daina ƙera ta, don haka ta hannu na saya a wani shago a Kano. Maƙwabcina ya koya mini abin da zan duba: na ɗauki farin bango na zuƙo hoton ko zan ga tabo, na haska cikin idon da tocila ko akwai fumfuna, na sa mai shagon ya nuna mini adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Ban rubuta farashi a nan ba saboda yana bin dala ne, na bara ba shi ne na bana ba.

A hannu ba ta da nauyi, giram 415 har da batir da memori, kuma mariƙinta yana da zurfi, yatsu na zama daram. Tana da wani tsarin jagora da ke tambayarka abin da kake so, ko daskarar da motsi ko dusashe bayan hoto, sai ta nuna maka abin da za ka murɗa. Da shi na yi sati biyun farko.

Idon da ta zo da shi, mai 18-55mm, ya ishe ni a kan tsirrai da hoton akwatin gaba ɗaya. Tsiro ba ya gudu. Nakan ɗora kyamarar a kan mai ƙafa uku, in kashe famfon tace ruwa na ɗan lokaci don ganye ya daina kaɗawa, in sa ƙofar haske a f/8 (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 200, in bar ta ta ɗauka a hankali bayan daƙiƙa biyu don kada hannuna ya girgiza ta. A haka na sami hoton da na fi amfani da shi a aji: ƙananan kumfa jere a gefen ganyen balisneriya bayan fitila ta yi awa huɗu a kunne, kamar an zuba masa tsakiya. Iskar oksijin ce tsiron ke fitarwa. Na sha zana wannan darasi a allo da alli, amma ranar da na nuna hoton wani yaro daga bayan aji ya miƙe ya ce, “Malam, ashe da gaske ana ganinta.”

Kifi kuwa wani abu ne dabam. Idan ka zuƙo idon nan zuwa 55mm ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, kuma fitilar akwatin kifi, ko da ta yi wa idonka haske, a wajen kyamara kamar magariba ce. Gufi ba ya tsayawa. Kafin jelarsa ta fito tsaf sai saurin ƙiftawar kyamara ya kai 1/250 na daƙiƙa, wani lokaci ma fiye. Sai ka ga ISO ya haura 6400, hoto ya cika da yashi-yashi, launi ya kwanta. Kyamarar tana kaiwa har 25,600, amma ni a idona 3200 ne iyakar inda hoto ke da daɗin kallo, 1600 kuma lafiya lau.

Bayan wata uku na sayi idon da ya canja komai, Micro 40mm f/2.8 na Nikon, shi ma na hannu. Ƙofar f/2.8 tana shigo da haske ninki huɗu na f/5.6, kuma yana iya matsawa har abu ya faɗa kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da ainihin girmansa. Da shi na fara ganin abubuwan da shekara biyu ina ciyar da kifin nan ban lura da su ba: ɗigo baƙi zagaye da ruwan zinariya a fiffiken bayanta, da wani kore-kore mai walƙiya a kumatunta wanda sai ta juya wa fitila yake bayyana. Sai dai ka san halinsa kafin ka saya. Cikakken girman nan ba ya samuwa sai bakin idon ya kusa taɓa abu, don haka kifin da ke can bayan akwati ba za ka cika hoto da shi ba. Ba shi da mai hana girgiza. Kuma idan ka buɗe ƙofar duka, ƙwayar idon kifi za ta fito tas amma jela ta narke. Yanzu na fi tsayawa a f/4 zuwa f/5.6 idan haske ya yarda. Akwai ɗan’uwansa mai 85mm da ke ba ka tazara, ga mai hali. Abu ɗaya da za ka kiyaye: wannan kyamara ba ta da injin juya saiti a jikinta, sai idon da aka rubuta wa AF-S ko AF-P ne zai yi saiti da kansa.

Inuwar gilashin da ta addabe ni tun zamanin waya ba kyamara ce ta magance ta ba. Lokaci ne. Sai bayan isha’i nake ɗauka, in kashe ƙwan falo da talabijin, in sa baƙar riga, a bar fitilar akwati ita kaɗai. Na sayi wata robar baki mai laushi da ake ɗaurawa a gaban ido, mai awon 52mm, ina manna ta a jikin gilashi, babu hasken da ke shiga ta gefe. Filashin da ke kan kyamara kuwa kada ka kunna shi, gilashi zai dawo maka da shi fari fat. Sannan ka fuskanci gilashin kai tsaye. Haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa ya ratsa gilashi zuwa iska, shi ya sa da zarar ka ɗauka a karkace kifi zai fito da bakin bakan gizo, kuma duk saitin duniya ba zai gyara shi ba. Nakan goge gansakuka in canja ruwa kwana ɗaya kafin ranar hoto, don gari-garin da ya tashi ya kwanta.

Wajen saiti na daina barin kyamara ta zaɓa da kanta, domin takan kama ganye ko tsakuwa ta bar kifi. Ɗigon tsakiya kawai nake amfani da shi, shi ya fi sauran kaifi, in sa tsarin da ke bin motsi, in leƙa ta ramin ido ba ta allon baya ba. Ta allo saitin yana jinkiri, kifi ya riga ya wuce. Allon kuma a manne yake, ba ya juyawa, ba a taɓa shi da yatsa, don haka idan akwatinka a ƙasa yake sai ka shimfiɗa tabarma ka zauna. Turawa zuwa waya ta Bluetooth ce, kuma ƙaramin kwafi mai megafiksel 2 take aikawa. Ya isa WhatsApp. Na wankewa sai ka zare memori ka sa a kwamfuta.

Ɗan Katsina ya kula da wannan sosai: D3500 ba ta da abin kakkaɓe ƙura daga sensa da kanta. A hunturu, lokacin da ko faranti ka ajiye sai ka rubuta sunanka a kai, cire ido a tsakar gida ganganci ne. Ni a uwar ɗaki nake sauyawa, taga a rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kuma ina da ’yar robar hura iska a jaka. Tun da 40mm ya hau ma da wuya nake sauke shi.

Batirin ya cika alkawari. Nakan yi sati uku ina ɗauka dare-dare ban nemi caja ba.

A watan jiya kifanyar ta shige cikin ’yar tukunyar ƙasa da na kifa mata a gefe, na fasa mata ƙofa, ta yi kwanaki ba ta fitowa sai ta leƙo ta koma. Mijin yana sintiri a bakin ƙofa, ya kore gufi gaba ɗaya zuwa ɗaya kusurwar, har sai da na kwashe su zuwa wani mazubi. Na san me ke tafe. Kullum bayan isha’i sai in shimfiɗa tabarma, in saita ɗigon tsakiya a bakin tukunyar, 1/250, f/4.5, ISO 1600, in jira. Dare na tara ɗiyata ’yar shekara bakwai tana jingine da kafaɗata, barci ya fara ɗaukarta, sai ta damƙe hannun rigata ta ce ƙasa-ƙasa, “Baba, ga su nan.”

Uwar ta fito a hankali, ’ya’yan na biye a ƙarƙashin cikinta kamar an watsa ƙwayar gero. Da inuwata ta motsa sai ta girgiza fiffike sau ɗaya, duk suka kwanta a kan yashi suka yi tsit. Na danna sau goma sha huɗu. A na tara ƙwayar idonta ta fito tas, jan cikinta ya fito yadda yake, ƙananan kuma kowanne da ɗigon idonsa baƙi. Washegari na kai wa maƙwabcina ya wanke mini shi babba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa tabarau ya fara ƙirga su da bakin biro. Ya sami talatin da ɗaya, ɗiyata ta ce talatin da biyu ne, akwai ɗaya a bayan ganyen anubiyas.