Rile ko cajar DC-DC: wanne za ka bari a motarka, kuma me ya kunno wutar inji?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka a taƙaice ita ce: ka mayar da babbar motarka, ƙirar 2018, ɗakin kwana a can Ingila, ka sa batirin lithiyam na ɗaki, ka haɗa shi da cajar DC-DC, wadda ke ɗaukar wuta daga batirin inji. Yanzu cajar tana kamawa tana saki a kan hanya, ga wutar gargaɗin inji ta fito. Kana son sanin ko ka cire ta ka koma rile irin na da.

Kada ka cire ta. Abubuwa biyu ne suka haɗe maka, kuma da wuya a ce cajar ce ta lalace.

Rile makunni ne kawai. Irin wanda ke jin ƙarfin wuta yakan haɗa batura biyu idan ya ga wajen 13.3V (V shi ne volt, ma'aunin ƙarfin wuta), ya raba su idan wuta ta sauko kusa da 12.8V. Ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. A tsohuwar mota, wadda altanetarta (na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki) ke tsayawa a kan 14V ko sama da haka kaɗan muddin inji na aiki, rile ya isa, ga arha ga sauƙin ɗaurawa, musamman idan batirin ɗaki irin na ruwa ne.

Taka ba haka take ba. Yawancin manyan motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, irin su Transit da Sprinter da Crafter, kwamfutar mota ce ke ba altaneta umarni. Idan ta ga batirin inji ya kusa cika, sai ta sassauta caji don tsimin mai, wuta ta faɗo wajen 12.4V. Kana ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, sai ta ɗaga ta har kusan 15V. Rile a irin wannan mota zai yi ta buɗewa da rufewa, batirin ɗaki ba zai cika ba. Ga wani abin da ya fi damuna: lithiyam yana zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa idan ya yi ƙasa, rile kuwa ba shi da hanyar taƙaita masa. Waya ta yi zafi, altaneta ta sha wahala, musamman mota na silo.

Cajar DC-DC, wadda wasu ke kira B2B, tana karɓar duk abin da ya zo, ta fitar da daidai abin da lithiyam ke so, wajen 14.2V zuwa 14.4V, kuma ba ta wuce adadin amfiyar (ma'aunin yawan wuta) da aka ƙera ta a kai. Ta fi tsada, tana ɗumi, tana son waya mai kauri da fis a kowane ɓangare. Duk da haka a motarka ita ce daidai.

To me ya sa take saki? Irin waɗannan cajoji, kamar Orion na kamfanin Victron, suna gane inji na aiki ne ta hanyar auna wuta. Da altaneta ta sassauta, sai cajar ta ɗauka ka kashe mota, ta tsaya don kada ta shanye maka batirin inji. Ko dai ka rage ma'aunin tsayawar a cikin saitinta, ko kuma, wanda na fi so, ka ja mata siririyar waya daga inda wuta ke zuwa sai inji ya tashi. Sannan ka auna wuta a kan batirin inji, ka sake aunawa a bakin cajar tana cikin aiki. In tazarar ta kai rabin V, wayarka ta yi siriri ko ta yi tsawo, ko wani kai bai ɗauru ba. Ka taɓa jikinta kuma. Idan ka rufe ta cikin akwatin da iska ba ta shiga, za ta rage aiki da kanta saboda zafi.

Sai maganar wutar da ta fito, kuma a nan ne nake son ka natsu. Jar wuta mai hoton batir daban, ruwan ɗorawa mai hoton inji daban. Ja tana nufin caji ya samu matsala: ka duba bel da altaneta, kada ka yi nisa. Mai hoton inji tana nufin kwamfuta ta ajiye lambar kuskure, kuma tana iya zama abin da bai shafi cajarka ba sam, kamar matatar hayaƙin dizal ko AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. Idan ƙiftawa take yi, ka tsaya.

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka sa ƙaramar na'urar OBD2, mai karanta lambar kuskure, a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. P0562 na nufin wuta ta yi ƙasa, P0563 ta yi sama, P0620 kuwa layin da ke sarrafa altaneta ne. Ka rubuta lambar kafin ka goge.

In lambar ta shafi wuta, ka leƙa kan nagetif na batirin inji. Za ka ga wata 'yar na'ura maƙale da shi, mai ƙaramin fulogi. Ita ke ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita. Wanda ya ɗaura nagetif ɗin caja kai tsaye a kan batir ya tsallake ta, kamar mai shago ne da ake ɗibar masa kaya ta ƙofar baya, lissafi ba zai taɓa yin daidai ba. Cajar amfiya 30 tana jan abin da ya haura 30 daga batirin inji, kwamfuta ba ta gani. Ka mayar da wayar jikin ƙarfen mota, a wurin da masu ƙera ta suka tanada. Kuma in mai wayarin ya huda siririyar wayar da ke bayan altaneta yana neman D+, wato wutar da ke zuwa sai inji ya tashi, a cire haɗin da ya yi. A sabbin motoci wannan sau da yawa layin saƙon kwamfuta ne.

Gwaji mafi sauƙi: ka cire fis ɗin shigar cajar, ka goge lambar, ka yi tuƙi na kwana biyu zuwa uku. In wutar gargaɗin ta dawo, matsalar ta inji ce, sai gareji. In ba ta dawo ba, ka turo mana lambar da hoton kan batirin, mu duba tare in sha Allah.